Daga Soro Zuwa Bulo: Yadda Gidajen Dutse Suka Sauya, Da Yadda Muka Manta Da Gyara

 

A wannan makon mu aka miƙa wa alƙalami, kuma mun zaɓi mu yi magana a kan gida. Dalili kuwa shi ne, bayan ɗaukewar ruwan bana an yi zaman iyali a gidanmu da ke Limawa, a kan ɗakuna biyu da falo da mahaifinmu ya gina a ƙarshen shekarun 1970 lokacin yana malamin firamare. Silin ya yi shatin ruwa, gindin bangon gabas yana marmashewa, rabin gilasan tagogi sun fashe an toshe gurbinsu da kwali. Babban yayanmu ya ce a rushe kawai a tayar da na zamani. Mahaifiyarmu ta ce ita dai duk faɗin gidan babu inda take iya yin barcin rana a watan Afrilu sai a wannan barandar. Aka tashi ba a cimma matsaya ba. Wannan gardama ce ta sa muka shiga tambayar dattawa da tsofaffin magina, muka kuma koma ga abin da muka karanta lokacin da muke karatun difloma. Abin da muka gano shi ne, kowane irin gini da ya zo garin nan ya zo da hanyar kula da shi, mu kuwa mun karɓi ginin mun bar hanyar a baya.

Bari mu faro daga soro. Kafin zuwan siminti, abin da ake gini da shi a Garu da Limawa da sauran tsofaffin unguwannin Dutse shi ne abin da ke kewaye da mutane. Ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a bar ta ta tsumu, a mulmula tubali a shanya. Bango yana farawa da kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama. Ana yin rufi da azarar giginya, saboda tana da ƙarfi kuma gara ba ta cika damun ta ba. Amma azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa a tazara mai faɗi, shi ya sa ɗakunan talakawa suke da ƙunci. Wanda yake son zaure mai faɗi sai ya nemi gwanin da ya iya bakan gizo da ɗaurin guga. Wannan fasaha ce ta kai ƙololuwa a hannun Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a wajajen shekarun 1830. Don kare bango daga ruwa ana shafa makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, masu hali kuma su yi laso da katsin marina. A saman rufi akwai rawani da zankwaye, sai indararo da ke tunkuɗa ruwa nesa da jikin bango.

Abin lura a nan shi ne, mai gidan ƙasa ya san cewa ba a taɓa gama gina gidansa. Kowace shekara kafin hadari ya fara haɗuwa, sai an hau rufi an cike tsaga, an share bakin indararo, an yi wa bangon gabas sabon yaɓe, domin daga gabas ruwa da iska suke bugowa. Samarin gida da na maƙwabta ke kwaɓa ƙasa, mata su yi daɓe, a dafa abinci a ci. Yaro yana tashi yana ganin haka, ba sai an koya masa ba. Gidan da aka bari damina biyu ko uku ba yaɓe, unguwa ta san ko dai mai shi ya rasu ko kuma 'ya'yansa sun watse.

Turawa sun ci Kano a 1903, kuma da farko su ma a gidan ƙasa suka zauna. Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda Hanns Vischer ya zauna ya kuma buɗe makarantar boko a 1909, shaida ne da ke tsaye har yau. Da layin dogo ya iso Kano a 1911 sai kwanon rufi da siminti da katako suka sami hanyar shigowa da yawa. Amma babban sauyin fasali bai zo ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnatin Ingila ta ware kuɗi don gina makarantu da asibitoci a ƙasashen da take mulka. A lokacin ne wasu masu zanen gine-gine suka zo Afirka ta Yamma da salon da ake yayi a Turai, wato gini mai miƙaƙƙun layuka, marar ado, na kankare da ƙarfe da gilashi. Fitattu a cikinsu su ne Maxwell Fry da matarsa Jane Drew. Su suka zana gine-ginen Jami'ar Ibadan na farko, su suka zana filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, kuma a nan kusa da mu, a kan hanyarmu ta zuwa Kano, su suka zana Kwalejin Horar da Malamai ta Wudil a shekarun 1950.

Waɗannan mutane sun gane da wuri cewa gidan gilashi irin na Landan ba zai zaunu a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a bazara ba. Sai suka sauya salon ya dace da rana da iska. Ana shimfiɗa ginin ta yadda dogayen ɓangarorinsa za su fuskanci kudu da arewa, a bar gajerun bangaye marasa taga su tari ranar safe da ta yamma. Ana yin ɗakuna a jere ɗaya da taga a gaba da baya, don iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Ana fito da bakin rufi sosai ya yi wa bango inuwa, ya kuma kare shi daga feshin ruwa. Ana yin baranda mai faɗi, da silin mai tsawo don zafi ya taru a sama, da bulo mai huji wanda iska ke ratsawa rana ba ta ratsa ba, da tagar luba mai jerin gilasai wadda ake buɗewa gaba ɗaya ko a karkata ta lokacin ruwa. Duk wanda ya yi karatu a tsohuwar makarantar kwana ta gwamnati, ko ya taɓa shiga tsofaffin gidajen ma'aikata na Nasarawa da Bompai a Kano, ya ga irin wannan gini ko da bai san sunan salon ba.

Sai dai akwai wani abu da ya zo tare da waɗannan gidaje wanda ba a gani a jikin bango. Gidajen na gwamnati ne, kuma Ma'aikatar Ayyuka ke kula da su. Ita ke yin fenti, ita ke sauya kwanon da ya huje, ita ke turo kafinta da mai gyaran famfo. Ma'aikacin da ke ciki iyakarsa ya kai rahoto. Mutanen gari da ke kallo daga nesa ba su ga wannan rundunar masu gyara ba, abin da suka gani shi ne gida mai kyalli wanda ba a yi masa yaɓe. Daga nan aka ɗauki fahimtar da har yau take cutar da mu, cewa gidan siminti in an gama shi an gama ke nan.

A wancan zamani Dutse gari ne na hakimi a ƙarƙashin En'e ta Kano, kuma ginin siminti bai wuce na hukuma ba. Shekarun 1970 ne suka kawo shi cikin gidajen mutane. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 da Audu Bako a matsayin gwamna, kuɗin man fetur ya shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji a 1974. Ƙishirwar siminti ta kai har a 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da shi suka yi cincirindo a tashar Legas suna jiran saukewa. A Arewa kamfanin siminti na Sakkwato ya riga ya fara aiki tun 1967, na Ashaka ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1970. A 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka kuma yi wa ƙananan hukumomi garambawul. Ajujuwa da sakatariyoyi da gidajen ma'aikata suka bazu a garuruwa, birkiloli suka yawaita, malamai da akawuna da malaman gona suka sami albashin da za su iya sayen bulo ɗari yau, bandir ɗin kwano wata mai zuwa.

Iyayenmu na wannan zamani ba su rushe gidajen iyayensu ba. Sun nemi fili a cikin gidan gado suka tayar da ɗakunan bulo, suna kwaikwayon abin da suka gani a kwatas: baranda, tagar luba, daɓen tarazo ko na siminti mai santsi, silin na asbestos. Zaure ya ci gaba da zama zaure, tsakar gida ta ci gaba da zama ƙasa, da bishiyar darbejiya ko dabino a tsakiya. Shi ya sa in ka shiga tsofaffin gidajen Limawa za ka wuce ta zauren ƙasa ka faɗa barandar siminti, zamani biyu a gida ɗaya. Ɗakunan da ake gardama a kansu a gidanmu irin waɗannan ne.

Ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birni, Kanar Olayinka Sule ya zo a matsayin shugaban jihar na farko. Mu da aka haifa bayan haka ba mu ga abin da ya faru ba, amma manya suna ba da labarin yadda ma'aikata suka kwararo daga Kano zuwa garin da ba shi da gidajen da zai sauke su. Da yawa sun bar iyalansu a Kano, su zo Litinin su koma Juma'a. Ɗakin da a da ake ajiye buhunan gero ya zama ɗakin haya, gonakin bakin gari suka zama filaye. A hankali unguwanni da rukunin gidaje suka taso, irin su Takur da G9 da Gida Dubu da 744 da Fatara da Ɗanmasara. A zamanin Gwamna Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, an rarraba ma'aikatu zuwa sauran manyan garuruwan jihar, Gwamna Sule Lamido ya dawo da su Dutse bayan ya hau a 2007, buƙatar gidaje ta sake tashi. Buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 ya ƙara kawo malamai da ɗalibai masu neman ɗaki da banɗaki a ciki.

A wannan tsakanin ne kuma mallakar gidajen gwamnati ta fara komawa hannun mutane. Daga 2003 gwamnatin tarayya ta ɓullo da tsarin biyan ma'aikaci kuɗin gida a cikin albashinsa, ta shiga sayar da gidajenta, jihohi da dama kuma suka riƙa mallaka wa ma'aikata gidaje ana cirewa a albashi. Mallakar gida alheri ne babba. Amma Ma'aikatar Ayyuka ba ta biyo gidan ba. Wanda ya saba kai rahoto ya wayi gari shi ne mai gida, shi ne mai gyara, kuma bai gaji al'adar hawa rufi duk shekara irin ta kakansa ba.

Fasalin gidan ma ya sake sauyawa. Yanzu abin yayi shi ne rufi mai tsini kamar a ƙasar da ake ƙanƙara, silin na POP da aka sauko da shi ƙasa, tayil har jikin bango, tagar alminiyam mai zugewa, doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. An malale tsakar gida da siminti, an sare bishiya saboda ganye, zaure ya koma shago ko gareji. Ba mu ce duk wannan sharri ba ne. Banɗaki a cikin ɗaki sauƙi ne ga tsoho da mai jego, tayil ya fi sauƙin wankewa, kuma kada soyayyar da ta rufe mana ido: soro yana faɗuwa a kan mutane. A daminar 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da ɗari a Jigawa, kuma wasu daga cikinsu gini ne ya rufta musu suna barci. Wanda ya kwana yana sauraron ɗigar ruwa daga azara ba za a ga laifinsa ba in ya yi burin bulo.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen gyaran tsofaffin gidajen bulo. Mun zagaya mun ga kurakurai da suke maimaita kansu. Na farko, ana toshe baranda a mayar da ita ɗaki, sai rana ta riƙa dukan bangon kai tsaye, ga shi bulo mai rami ba ya riƙe zafi ya jinkirta shi kamar bangon ƙasa mai kauri. Na biyu, ana cire luba a sa taga mai zugewa, wadda komai buɗewarta rabi kawai take buɗuwa, wani lokaci ma a toshe tagar baya gaba ɗaya. Na uku, ana sauko da silin. In an gama sai ɗakin ya zama ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, mu kuwa mun san halin wutar lantarki da kuɗin man janareto. An kashe kuɗi an sayi zafi.

Akwai kuma kurakuran da suka shafi ruwa. Idan gindin bango ya fara marmashewa, danshi ne ke hawowa daga ƙasa ɗauke da gishiri. Manna masa tayil ba ya maganin komai, danshin zai haura ya fito a saman tayil ɗin. Maganin shi ne a duba inda ruwan tsakar gida yake kwanciya a fitar da shi, musamman yanzu da tituna da kwatoci suka ɗaga har wasu tsofaffin gidaje suka koma ƙasa da hanya. Idan rufin kankare ne ya fara yoyo aka ƙyale shi, ruwa zai kai ga rodin da ke ciki, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki. Rufin da aka ɓoye bayan rawanin bulo yana da kwata a ciki, kuma leda ɗaya da ganyen darbejiya sun isa su toshe ta ruwa ya koma silin. Haka nan shafa siminti a jikin bangon ƙasa, wanda mutane da yawa suke yi da zummar ƙarfafa shi, yana kulle danshi a ciki, ƙasa ta jiƙe a ɓoye, wata rana simintin ya ɓanɓaro falle guda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji Hausawa, amma a irin wannan bangon ba ka ganin tsagar sai aiki ya riga ya ɓaci. Sai kuma silin asbestos: in yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, hatsarinsa kaɗan ne, amma ƙurar da ke tashi in ana farfasa shi tana yi wa huhu mummunar illa wadda ba ta bayyana sai bayan shekaru. A jiƙa shi da ruwa, a cire shi falle-falle, a rufe hanci da baki, a kuma nisantar da yara.

Bayan duk wannan akwai matsalar da ta fi ta siminti wuya, wato gidan gado da ba a raba ba. Magada goma, kowa yana da haƙƙi, babu mai son zuba kuɗinsa a rufin da gobe zai iya faɗawa rabon wani. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma, don haka kowa yana da uzurin jira. Ana jira rufi yana yoyo, yoyo yana cin katako, gara tana ƙarasawa. Gidaje da yawa a tsofaffin unguwanninmu ba talauci ne ya kayar da su ba, rashin zama a yi magana ne. Tun da Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta sa takarda ta zama abin dogaro, ya kamata iyalai su daure su raba gado a kan lokaci, ko su rubuta yarjejeniya a gaban shaidu cewa wanda ya yi gyara za a lissafa masa.

A gidanmu haka aka ƙare. An sake zama, aka kira wani tsohon birkila ya duba. Ya ƙwanƙwasa bangon ya ce bulon wancan lokaci ya ƙoshi da siminti, harsashin kuma bai motsa ba. Ya juya ga yayanmu ya ce, “Alhaji, in ka rushe wannan, kuɗin da ke hannunka ba zai gina maka kamarsa ba.” Aka sauya fallayen kwano da suka huje da katakon da gara ta ci, aka haƙa ƙaramar kwata ta fitar da ruwa daga gindin bangon gabas, aka yanko sababbin gilasan luba aka sa raga saboda sauro. Aka ƙara banɗaki ta baya don a huta da fitar dare. Baranda tana nan yadda take. Aka kuma rubuta abin da kowa ya bayar, aka sa hannu, aka ajiye cewa duk watan Afrilu sai an hau rufin an duba.

To ina ruwan marubuci da wannan? Mu duba littattafanmu da labaran da muke sakawa a nan. Da an ce gida sai ka ji tangamemen bene, falo uku, motoci a jere, mai gadi yana wangale ƙofa. In kuma gidan talaka ne sai a ce “wani ɗan akurkin gidan ƙasa” a wuce. Gidan da yawancinmu muka tashi a ciki, mai zauren kaka da barandar baba da ɗakin yaya mai tayil, ba ya samun shiga. Alhali a nan labarin yake: wa ya gina, da wane albashi, wa ya toshe tagar da ke kallon ɗakin kishiya, wa ya ƙi ba da kuɗin kwano, wace damina ce ta kayar da zaure. Wanda ya iya karanta bangon gida zai iya ba da tarihin iyali ba tare da ya ce su masu kuɗi ne ko talakawa ba.

Don haka ga aikinmu na wannan mako. Kowa ya sami dattijo a gidansu ya tambaye shi shekarar da aka fara sa kwano ko bulo a gidan, da wanda ya yi aikin, da abin da aka rushe kafin a gina. A nemi sunayen sassan gini a bakin tsofaffin magina tun suna raye, domin kalmomi irin su makuba da laso da ɗaurin guga suna bin soro zuwa ƙasa. A rubuta shafi ɗaya a kawo mu karanta tare. Waɗanda suke Haɗeja da Gumel da Ringim da Kazaure da Birnin Kudu, muna son jin yadda abin ya kasance a wajenku, kuma duk wanda ya ga inda muka yi kuskure ya gyara mana, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka gina mana inda muka tashi, ya ba marasa gida nasu, ya kuma tsare mu daga sharrin ruwa da iska. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.